Zanen Jikin Randa

Na dawo Namhae da jaka ɗaya da tari a ƙirji.
Shekara ashirin da shida ina walda a jiragen Busan,
ina ɗinke ƙarfe da wuta.
Iyakar sanina da teku ke nan:
a toshe, kada ta shigo.

Uwata ta bar mini gida mai yoyo,
randa uku a bayan ɗaki,
da fangali bakwai masu gangarawa kamar matakala
har bakin duwatsun da ruwa ke mari dare da rana.
A jikin babbar randar an yi zane da ƙusa:
layi ɗaya can gefe, shi kaɗai,
sai talatin a jere kamar haƙoran mataji.
Na ɗauka bashi take ƙirgawa.

Na tuna ta da asuba, wando naɗe har gwiwa,
tana hawowa daga gaɓa da bokiti.
Na tuna alayyafonta, zaƙi har cikin jan saiwa.
Nawa kuwa ya fito salam, kamar ana tauna takarda.
Na ce, ashe asirin a bokitin yake.
Na sauka, na cika, na hau, na kwarara.
Sahu tara. Ni ba rago ba ne.

Kwana uku, ganye ya sunkuyar da kai.
Na biyar, bakinsa ya ƙone kamar na bi shi da wutar aikina.
Ƙasa ta yi fari, ta dare kamar leɓen mai zazzaɓi,
tsutsotsinta suka fito suka mutu a sarari.

Tak Sun-rye, maƙwabciya, tamanin da ɗoriya,
baya a lanƙwashe kamar lauje,
ta dafa katangar dutse, ta daɗe tana kallo.
Ta dangwali ƙasar, ta kai harshe, ta tofar.
"Ka yi wa lambu gishirin da ake yi wa kifi.
Bong-nim ba ta nuna maka randar ba?"
Na ce ina Busan.
Ta ce, "Na sani. Duk ƙauyen nan mun sani."

Ta miƙo mini shuɗiyar moɗa mai tsagaggen baki.
Ɗaya daga teku.
Talatin daga ruwan saman da randa ta tara.
"Ƙirga da baki. Zuciya tsallake gare ta."
Na fara.
A sha bakwai yatsuna suka ƙage don sanyi.
A ashirin da uku na ga uwata
tsaye daidai inda nake tsaye,
wata bayan wata, tana ƙirgawa da ƙarfi,
ba mai ji sai tsuntsayen gaɓa.
Lissafi ya kuɓuce mini.
Tsohuwa ba ta dube ni ba. Ta kifar da ruwan.
"Daga farko."

Da muka kai, ta ce in ɗanɗana.
Gishirin yana can nesa,
kamar mai kiranka daga wancan tsibirin
iska na kawo rabin sunanka.
"To, haka. Sau biyu a wata, in rana ta yi sanyi.
Ban da jaririyar shuka.
In an yi fari, ka bar teku a inda take.
Dangi ce, amma ba a ba ta ɗaki."

Fangali huɗu na kashe.
Ta ce sai ruwan shekara biyu ya wanke su,
kada in taɓa, kada in roƙe su.
Ukun da suka tsira na bi su da moɗa.

Da sanyi ya kama, alayyafo ya kwanta rub da ciki,
ya rungumi ƙasa, raɓa ta daskare a kansa.
Na tsinko kwando guda, na tsallaka katanga.
Ta ɗauki ganye ɗaya, ko wankewa babu,
ta tauna da haƙora huɗun da suka rage mata,
ido a rufe, ta daɗe.

"Da saura," in ji ta.
Amma kwandon duka ta karɓe.

A hanyar komawa na ratsa ta huɗun nan, farare fat.
Can bayan jiragen masunta
hadari yana haɗuwa a kan ruwa.
Na buɗe murfin randa uku.